Waiwaye: yadda zanen katako ya shiga Baibul ɗin Turawa

Baibul ɗin da Gutenberg, mutumin da ya fara ɗab'i da haruffan ƙarfe a Turai, ya buga a birnin Mainz na Jamus wajajen 1455 ba hoto ko ɗaya a ciki, rubutu ne zalla, sai dai an bar gurabe wanda ya saya ya kai wa mai zane ya ƙawata masa da hannu in yana da kuɗin. To ba a jima ba masu ɗab'i a Jamus suka gano katako zai yi musu wannan aikin da araha.

Mai zane zai zana hoton a kan allon katako, masassaƙi ya zo da ƴar wuƙarsa ya ƙwaƙule duk inda ba layi, layukan su tsaya a sama kamar hatimin ofis, a shafa tawada a danna. Kuma da yake ana daidaita kaurin katakon da tsayin haruffan ƙarfen, hoto da rubutu tare suke shiga injin a buga su lokaci guda, ribar kenan.

Shi ya sa allunan nan suka zama jari, ana sayarwa ana aro. Waɗanda aka sassaƙa wa Baibul ɗin Cologne wajajen 1478 su ne wani mai ɗab'i, Anton Koberger, ya sake amfani da su a Nuremberg a 1483, kuma Koberger ɗin nan shi ne uban baftismar mai zane Albrecht Dürer, wanda a 1498 ya fitar da zanensa 15 na Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe na Baibul, har da mahayan dawaki huɗu na cikin wahayin da kowa ke kwafa daga baya.

Inda abin ya ɗau zafi shi ne Satumban 1522, da Martin Luther, malamin da ya yi wa Paparoma tawaye, ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a Wittenberg. Shagon mai zane Lucas Cranach ya yi masa hotuna 21, duka na Wahayin Yahaya, sai ga karuwar Babila, wata mace da wahayin ya ambata, zaune kan wata dabba an ɗora mata hula mai hawa uku, ita kuwa wannan hula ba wanda bai san ta Paparoma ba ce, ko wanda bai iya karatu ba ya gane zagin, a ganina ma don irinsa aka yi hoton. Duke George na Saxony, wani basarake ɗan Katolika, ya fusata ya hana littafin a ƙasarsa. Da aka zo bugun Disamba ba wani sabon zane aka yi ba, wuƙa kawai aka sa aka datse saman hular a jikin allon ta koma kambi mara laifi.

Abin dariyar, a 1527 Jerome Emser ɗan Katolika ya buga nasa Sabon Alkawarin don ya kishiyanci na Luther, amma fa da yawancin allunan Cranach ɗin nan da aka datse ya yi, saye aka yi. Su kuma mutanen Wittenberg da suka buga cikakken Baibul a 1534 da sabbin alluna sai suka maido wa karuwar Babila hularta mai hawa uku.