Waiwaye: Yadda Ikon Tsara Kibod Ya Yi Ta Sauya Hannu a Linux

Wanda ya buga `setxkbmap fr` a taminal a yau don mayar da kibod tsarin Faransanci yana iya ganin ɗaya cikin abu uku: umarnin ya yi aiki nan take, ko ya yi na ɗan lokaci sannan komai ya koma gidan jiya, ko kuma ko gezau. Duka ukun haka aka gina su, domin alhakin fassara maɓalli zuwa harafi ya sauya hannu sau da dama tun 1987, kuma duk sabon da ya zo bai kori tsohon ba, a kansa ya zauna.

Tushen maganar X11 ne, tsarin nuna tagogi a allo, wanda ya fito daga jami'ar MIT a Satumbar 1987. A tsarinsa kowane maɓalli yana aika lamba tsakanin 8 da 255, sabar X kuma, wato manhajar da ke kula da allo da kibod, tana riƙe da tebur mai nuna harafin da kowace lamba ke nufi. Da xmodmap ake gyara teburin. Mutum zai buɗe manhajar xev, ya danna maɓalli ya ga lambarsa, sannan ya rubuta abin da yake so a `~/.Xmodmap`. Mayar da Caps Lock ya zama Escape layi biyu ne, `clear lock` da `keycode 66 = Escape`; idan aka tsallake na farko, maɓallin zai ci gaba da kulle manyan baƙaƙe duk da sabon aikin da aka ba shi. Matsalar ita ce lambobin sun bambanta daga inji zuwa inji, kuma rukunin haruffa biyu kawai tsarin ya sani.

XKB, ƙarin da aka yi wa X don kula da kibod, ya shigo tare da sigar X11R6.1 a 1996, aikin Erik Fortune na kamfanin Silicon Graphics, kuma shi ne ƙashin bayan komai har yau. Ya sa wa maɓallai sunaye bisa wurin zamansu, ya ba da damar loda tsari huɗu a lokaci guda, ya kuma taƙaita bayanin kibod zuwa abu biyar: dokoki, samfuri, harshe, reshe, da zaɓuɓɓuka. Fayilolin suna `/usr/share/X11/xkb/`, cikakken jerin sunayen kuma yana `rules/evdev.lst`. Aikin setxkbmap shi ne karɓar waɗannan biyar ya miƙa wa sabar:

`setxkbmap -model pc105 -layout us,ng -variant ,hausa -option grp:alt_shift_toggle`

A lura da waƙafin da ke gaban `hausa`. Shi ke nuna cewa tsari na farko ba shi da reshe, na biyu ne ke da shi. Idan aka cire shi, za a je neman reshen hausa a ƙarƙashin `us`, ba za a samu ba, umarnin ya faɗi da saƙon kuskure. Tarko na biyu yana wajen `-option`: ba ya maye gurbin zaɓin da ke nan, ƙari yake yi a kai. Wanda ya gwada `ctrl:nocaps` sannan ya gwada `caps:escape` zai tarar da duka biyun suna jayayya a kan maɓalli ɗaya, sai an fara sharewa da `setxkbmap -option ""`. Kafin a zargi komai, `setxkbmap -query` zai nuna abin da ke zaune. Shi kuwa xmodmap, tun zuwan XKB cin arziki yake yi: duk kiran setxkbmap yana goge gyaransa, saboda haka shi ake kira a ƙarshe.

Abin da setxkbmap bai taɓa yi ba shi ne ajiya; da an fita daga zama (logout), shi ke nan. Da can ana rubuta tsarin dindindin a `XF86Config`, sai `xorg.conf` bayan X.Org ta karɓi ragama a 2004. Wajen 2008 aka koma gano na'urori ta hanyar wani tsari mai suna HAL da fayilolinsa na XML, zamanin da ba wanda ke kewarsa. A lokacin ne direban evdev ya zama gama-gari, inda lambar X take daidai da lambar kanel (zuciyar Linux) a ƙara 8: harafin A, mai lamba 30 a kanel, ya zama 38. Wasu lambobi suka motsa, kibiyar sama ta tashi daga 98 zuwa 111, lambar da a da take ta Print Screen, har mutane suka riƙa danna kibiya kwamfuta tana ɗaukar hoton allo. Sabar X 1.8 ta 2010 ta kawo udev a madadin HAL, da sashen `InputClass` a foldar `xorg.conf.d`. Daga nan kowane kibod da aka jona yana ɗaukar tsarinsa daga can, shi ya sa cire kibod na USB a mayar ke iya shafe abin da aka saita da hannu.

A injinan da ke amfani da systemd, tsarin da ke tayar da ayyukan Linux, `localectl set-x11-keymap us,ng pc105 ,hausa grp:alt_shift_toggle` yana rubuta `00-keyboard.conf` da kansa, ya kuma daidaita baƙin allon rubutu zalla sai dai in an ƙara `--no-convert`. Debian da Ubuntu suna da tasu hanyar, `/etc/default/keyboard` da `dpkg-reconfigure keyboard-configuration`.

Sai manhajojin fuskar kwamfuta (desktop), irin su GNOME da KDE, suka ce su ma da nasu. Daga GNOME 3.6 na 2012, wanda ya haɗa IBus, tsarin shigar da rubutu, cikin jikinsa, tsarin kibod ya koma ƙarƙashin gsettings, kuma GNOME yana sake ɗora nasa duk lokacin da aka sauya harshe. Wannan ne yawanci ke bayan kukan "ya yi aiki sannan ya ɓace". Umarnin da yake ji shi ne:

`gsettings set org.gnome.desktop.input-sources sources "[('xkb','us'),('xkb','ng+hausa')]"`

Nan alamar tarawa ce ke haɗa harshe da reshe, ba waƙafi ba. KDE tana ajiye nata a `~/.config/kxkbrc`.

Wayland, magajin X11 wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008 kuma ya kai sigar 1.0 a 2012, ya cire sabar X daga tsakiya. Yanzu manhajar da ke harhaɗa tagogi ce ke gina taswirar maɓallai da libxkbcommon, ta aika wa kowace manhaja kwafi. Sunayen XKB duk suna nan, amma babu ƙofa guda da za a ƙwanƙwasa daga waje, kuma a ganina wannan ne gibin da har yanzu ba a cike ba. Fedora 25 ta mayar da Wayland zaɓin farko a 2016, Ubuntu ta tabbata a kai daga 21.04. A irin wannan zama setxkbmap Xwayland kawai yake taɓawa, wato tsofaffin manhajojin X. Don haka `echo $XDG_SESSION_TYPE` ne matakin farko: in ya ce `x11`, tsohon ilimi na nan daram, in ya ce `wayland`, sai a bi harshen mai gida, gsettings a GNOME, ko `swaymsg 'input type:keyboard xkb_layout "us,ng"'` a Sway, wata manhajar harhaɗa tagogi. Wani sauƙi guda ya zo tare da sauyin: tun libxkbcommon 0.10 ana karanta `~/.config/xkb/`, saboda haka mai son tsara nasa jerin haruffa zai ajiye fayil a `symbols/` na can, ba sai ya taɓa `/usr/share` ba, inda sabunta xkeyboard-config, kunshin fayilolin XKB, na gaba zai take masa aiki.