Mece ce almajirtarwa?

Duk mai zuwa sujada a majami'un ECWA ko COCIN a nan Jos ya saba jin wannan kalma wajen sanarwa. Mutane da dama sun ɗauka sunan wani aji ne da ake yi tsakiyar mako, a gama a karɓi takardar shaida. Ajin yana ciki, amma abin ya wuce benci da allo.

Tushenta yana cikin Matiyu 28:19, inda Yesu ya umarci nasa su je su almajirtar da dukan al'ummai. Ma'anarta kuwa, wanda ya ɗan daɗe cikin bangaskiya ya riƙe hannun na bayansa, su yi tafiya tare har shi ma ƙafarsa ta yi ƙarfi ya riƙe wani. Gargaɗin da Bulus ya yi wa Timoti ke nan a 2 Timoti 2:2.

Barnaba ya nuna yadda ake yi. Sa'ad da masu bi a Urushalima suke tsoron Shawulu, wato Bulus, Barnaba ne ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Daga baya ya tafi har Tarsus ya nemo shi, suka yi shekara guda suna koyarwa a Antakiya. Irin wannan nake gani wurin iyayenmu na Zumuntar Mata. Dattijuwa ta hau gangaren Tudun Wada ta leƙa amarya, ta zauna a tabarma tana taya ta tsintar wake, can ta ce, "'Yata, kuna samun yin addu'a tare da maigidan kuwa?" Sai ta yi shiru ta saurara. Wannan shirun ya fi wa'azi wuya.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai. Wasu sun mai da jagorancin ruhaniya sarauta: ba aure, ba neman aiki, ba tafiya, sai "Baba" ya yarda. Ba haka Eli firist ya yi ba a Littafi Mai Tsarki. Da ya gane Ubangiji ne yake kiran yaron nan Sama'ila, bai tsaya a tsakaninsu ba, sai ya ce masa ya koma ya kwanta, in an sake kira ya amsa da bakinsa. Biriskilla da Akila ma, da suka ga Afolos yana da sauran koyo, gefe suka ja shi, ba su kunyata shi a bainar jama'a ba.

Sai amana. Abin da ɗan'uwa ya faɗa maka da hawaye ba na kaiwa taron addu'a ba ne da sunan "mu tuna da shi".

Inda muka fi sakaci shi ne bayan baftisma. A yi watanni ana koyar da mutum, ya shiga ruwa, a yi waƙa a ɗauki hoto, daga nan ba mai sake tambayarsa yadda yake fama. A majami'u da yawa har yau ba a haɗa sabon mai bi da wani dattijo ko dattijuwa da zai riƙa ziyartarsa a gida.