Kallon wasannin Olamfik na bazara a talabijin

Wasannin Olamfik na bazara gasa ce ta ƙasashen duniya da ake yi duk bayan shekara huɗu, kuma galibin masu binta ta talabijin suke gani, ƴan kaɗan ne ke samun shiga filin. Ana ce musu na bazara saboda yanayin Turai, amma a wajenmu yawanci tsakiyar damina suke faɗowa, wajen Yuli zuwa Agusta.

Tarihi

An fara nuna gasar a talabijin a Berlin 1936, sai dai ba a gidaje ba, wasu zaure-zaure aka tanada a cikin birnin mutane suna zuwa suna kallo, kusan irin gidajen kallon ƙwallo da muka sani yau. A Landan 1948 BBC ta kai shi har cikin gidaje, duk da masu akwatin talabijin a lokacin ba su da yawa. A Rum 1960 kuwa faifan da aka ɗauka ake sawa a jirgin sama a kai New York sannan tashar CBS ta nuna wa Amurkawa, sai a Tokyo 1964 aka fara tura hoto kai tsaye ta tauraron ɗan Adam ya tsallake tekun Fasifik. Daga nan kuɗi ya shigo harkar sosai, a 2014 tashar NBC ta amince za ta biya dala biliyan 7.75 don haƙƙin nuna gasar a Amurka har zuwa 2032.

Yawan masu kallo

Kwamitin Olamfik na duniya ya ce kimanin mutum biliyan 3 suka kalli Tokyo 2020, wadda aka yi a 2021 ba ƴan kallo a fili saboda korona, Paris 2024 kuma kimanin biliyan 5. Wasu na ganin an cika gishiri a lissafin tunda har wanda ya leƙa na ɗan lokaci ana ƙirgawa.

A Najeriya da maƙwabta

A nan ƙwallon ƙafa ce ke jan mutane gaban talabijin, in babu ita sai sha'awar ta yi sanyi. Shi ya sa har gobe ake maganar Atlanta 1996. Daren wasan kusa da na ƙarshe Brazil tana gaban Najeriya da ci 3 da 1, mutane da dama sun fidda rai, sai Ikpeba ya ci, Kanu ya farke ana dab da tashi, ya kuma ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci, unguwanni suka kaure da ihu da tsakar dare. A wasan ƙarshe aka doke Ajantina 3 da 2, a tawagar akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Amokachi da Babayaro, abin da ya sa ƴan Kaduna suke jin zinaren nan nasu ne. A gasar ce kuma Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle. Kamaru ta maimaita na ƙwallon a Sydney 2000. A Nijar kuwa, a 2016 Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a taekwondo a Rio.

Halin yanzu

Tawagar ƙwallon maza ta Najeriya ba ta je Tokyo ba, ba ta je Paris ba. Matasa da yawa yanzu a waya suke kallon guntayen bidiyo, gidajen kallo kuma sun fi cika ranar wasan Firimiya.