Tsirrai da ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Da gaske akwai tsirran da ke kare ƙwaƙwalwa idan jini ya yanke mata?

A jikin ɓera, i. Sinadaran kurkumin na kurkum, kwasetin na albasa da timokwinon na habbatus sauda sun rage ɓarna a ɓerayen da aka toshe wa jijiyar ƙwaƙwalwa da gangan. Ɓera daban, Baba daban.

Baba ya faɗi, baki ya karkace. Mu ɗura masa man habbatus sauda?

Kul! Sau nawa za a faɗa? Haɗiya takan lalace, man ya sarƙe shi ya gangara huhu, ga ciwon huhu a kan na farko. Ko ruwa kada ku ba shi. Ku kwantar da shi a gefe guda, ku riƙe lokacin ƙarshe da aka gan shi garau, ko bayan Asuba ne ko wajen La'asar, ku nufi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Idan babbar jijiya ce ta toshe, kusan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 1.9 ke mutuwa duk minti.

Ko asfirin?

Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT. In jijiya ce ta fashe, kun ƙara wa wuta fetur.

Me sinadaran tsirran nan suke karewa?

Gefen raunin. Tsakiyar takan mutu cikin mintuna, ba ganyen da zai dawo da ita. A gefe kuwa jini na ɗan tsiyaya, sinadarin gulutamet na taruwa, na kalshiyam na kwarara cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kumburi na biyo baya. Wannan suke sassautawa.

An sallamo Inna tana shan magani. Za mu iya haɗa mata da na gargajiya?

Nan kam sai a hankali. Albasa a miya, zogale a kwaɗo, ɗan kurkum a girki: abinci ne, ku kwantar da hankalinku, muddin haɗiyarta ta daidaita. Damuwar tana kan garin da ake sha cokali-cokali da ƙwayoyin kwalba. Kurkumin da ƙyar hanji ke tsotsarsa, hanta ta yi maza ta sarrafa shi, wanda ya tsira kuma ga shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake gauraya shi da sinadarin masoro, wanda shi ma yana iya sauya yadda jiki ke sarrafa wasu magunguna. In tana kan magungunan hana gudan jini, irin su wafarin, ko asfirin da kulofidogirel, tafarnuwa mai yawa, citta da ganyen bishiyar ginko na iya ƙara haɗarin zubar jini. Ba kowa ba ne, amma dasashi mai jini, haɓo ko baƙin bayan gida alama ce ta komawa asibiti a ranar. Zoɓo na ɗan sauke hawan jini, don haka a riƙa auna ta, kada jiri ya kayar da ita a banɗaki. Ku zuba duk abin da take sha a leda, har ƙullin da ƙanwarta ta aiko daga Sabon Gari, ku ajiye gaban likita ko mai haɗa magani.

Ba wanda ya taɓa zama magani a cikin sinadaran tsirrai?

Akwai butilfitalaid, da aka fara samowa daga irin wani ganyen miya da ake kira seleri. China ta amince da shi a 2002. Tatacce ne, aunanne, likita ke rubuta shi.

Ta samu sauƙi, a dakatar da maganin hawan jini?

A'a, ko na kwana ɗaya. Gishiri da dunƙule za ku rage, ku ci gaba da kai ta gashi.