Ma'anar Ƙarin Bitamin D da Likitoci Ke Rubuta wa Tsofaffi

Ƙarin bitamin D ƙwaya ce ko ɗigon ruwa da ake bai wa mutumin da jikinsa ba ya samar da isasshen wannan sinadari. Fata ce ke haɗa mafi yawansa idan rana ta taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su sarrafa shi, ta yadda zai taimaki hanji ya tsotse kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga abinci. In ya yi ƙaranci, ƙashi yakan yi laushi, tsoka ta raunana, tsoho ya riƙa faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga mai yawan shekaru kan zama silar kwanciyar da ba a tashi.

Shi ya sa likitocin iyali a Turai da Amurka suka fi mai da hankali kan mazauna gidajen kula da tsofaffi. Su ba kasafai suke fita ba, fatar tsoho ba ta haɗa sinadarin kamar ta matashi, ga shi hasken da ke ratsowa ta gilashin taga ba ya wadatarwa, domin gilashi na tare ɓangaren da fata ke buƙata. A Ingila shawarar hukumar lafiya ita ce mazaunin irin wannan gida ya sha maikrogiram 10 kullum, wato IU 400 (IU ma'auni ne na ƙasa da ƙasa da ake auna bitamin da shi), duk tsawon shekara, alhali Amurka ta tsayar da IU 800 ga wanda ya haura shekara 70. Wani bincike da aka wallafa a 1992, wanda aka yi kan tsofaffin mata fiye da 3,000 a Faransa, ya nuna cewa IU 800 haɗe da kalsiyam kullum ya rage karayar ƙugu da kusan kashi 43 cikin 100 a wata 18. Sai dai a lura, sinadaran biyu aka haɗa, kuma mata ne da rana ba ta ganinsu. Ba a ce mai lafiya da ke yini a kasuwar Sabon Gari zai samu wannan fa'ida ba.

Inda likita ke nuna ƙwarewarsa shi ne wajen awo. Wannan bitamin na taruwa a kitsen jiki, saboda haka yawansa kan sa kalsiyam ya hauhawa a jini, ya jawo ƙishirwa, taurin bayan gida, ruɗewa da tsakuwar ƙoda. Iyakar da aka gindaya wa baligi ita ce IU 4,000 a rana, sai fa in likita ya ɗora shi kan magani na ɗan lokaci bayan gwajin jini ya tabbatar da ƙaranci. A Ostareliya an gwada bai wa tsofaffin mata IU 500,000 sau ɗaya a shekara, sai sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna faɗuwa da karaya sun ƙaru. Don haka kaɗan-kaɗan tare da abinci aka fi so, kuma akan duba lafiyar ƙoda da sauran magungunan da mutum ke sha.

A Zariya gidajen kula da tsofaffi ba al'adarmu ba ce, 'ya'ya da jikoki ke ɗawainiya, kuma rana ba ta yi mana rowa ba. Amma a ganina tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a ƙuryar ɗaki a cikin birni ko Tudun Wada, wadda aka daina fito da ita tsakar gida shan hantsi, halinta ɗaya da na wancan mazaunin gidan na Ingila. Irinta ce ya kamata a yi wa likita bayaninta a ranar ganin asibiti, ko a asibitin koyarwa da ke Shika ko a asibitin unguwa, shi ya yanke ko tana buƙata da adadin da za ta sha, maimakon a sayo mata kwalba a kemis bisa shawarar maƙwabta.