Mene ne "per capita" a baikon cocin Presbyterian?

Duk wanda ya duba kasafin kuɗin wata ikilisiyar Presbyterian a Amurka zai ga layin da aka rubuta "per capita". Kalmar Latin ce, ma'anarta "bisa kowane kai", wato kuɗin da ake lissafa wa kowane mamba da ke cikin rajista. Mutane da yawa sun ɗauka da shi ake kai agaji in an yi ambaliya ko guguwa. Ba haka abin yake ba, aljihun agaji daban yake.

Cocin Presbyterian na Amurka, wanda aka haɗe a 1983 mai hedikwata a Louisville ta jihar Kentucky, hawa huɗu gare shi. A ƙasa akwai majalisar dattawan ikilisiya, sai gunduma mai tattara ikilisiyoyin yanki guda, sai sinod guda 16 masu tattara gundumomi, sai Babban Taro da ke zama duk bayan shekara biyu. Wanda ya san DCC, wato majalisar ikilisiyoyin yanki, a cocin ECWA ko EYN ba zai sha wuyar gane gunduma ba. Hawa ukun da ke sama kowanne yana yanka nasa kaso, a haɗa, a ninka da yawan mambobi. A ce jimillar ta kama dala 40, ikilisiya mai mutum 200 za ta tura dala 8,000 a shekara. Kason Babban Taro kaɗai ya kai wajen dala 10 a 2023 da 2024.

Da wannan kuɗi ake biyan tafiyar wakilai zuwa taro, ofishin magatakarda, jarrabawar masu neman naɗin fasto, kotun coci, da ma'ajiyar tarihi da ke Philadelphia. Aiki ne marar armashi, shi ya sa ba a ɗokin biyansa, alhali in babu shi ƙaramar ikilisiyar ƙauye ba za ta iya tura wakili a ji muryarta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar cocin ta wajabta wa gunduma ta biya kason sinod da na Babban Taro, amma ba ta ba ta ikon tilasta wa majalisar dattawan ikilisiya ba. Idan ikilisiya ta ƙi biya don fushi da wani hukuncin Babban Taro, gunduma ce ke cike giɓin, sau da yawa daga kuɗin da za a tallafa wa ƙananan ikilisiyoyi ko sansanin matasa. An yi niyyar Louisville, duka ya sauka a kan maƙwabci. Matsala ta biyu rajista ce. Ana lissafi da adadin mambobin kusan shekara biyu baya, saboda haka majalisar da ba ta cire sunan waɗanda suka rasu ko suka ƙaura ba za ta ci gaba da biya musu. Ga kuma raguwar jama'a: daga sama da miliyan 3 a 1983 zuwa kusan miliyan 1.1 a 2023, dole kason kowane kai ya riƙa hawa.

Aljihu na biyu shi ne baikon aikin bishara, wanda dattawa ke warewa bisa ra'ayinsu. Ko su ɗaure shi ga wani aiki, ko su sake shi gunduma ta sa inda buƙata ta fi.

Agaji kuwa yana fitowa musamman daga baikon One Great Hour of Sharing, da ake karɓa tun 1949 a lokacin azumin Kirista zuwa Ista. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne kashi 32 cikin ɗari ga sashen agajin bala'i, PDA, 36 ga yaƙi da yunwa, 32 ga shirin dogaro da kai. Idan bala'i ya auku, gundumar yankin ce ke neman tallafin farko daga PDA, a tura horarrun 'yan sa-kai su duba ɓarna, daga baya ayarin masu gyaran gidaje su biyo, kamar yadda aka yi shekaru ana yi bayan guguwar Katrina ta 2005. A ƙetare ana aiki ta hannun cocin ƙasar da ACT Alliance, ƙawancen coci-coci masu aikin agaji.

Kuɗin da aka ɗaure da sunan wani bala'i ba ya halatta a karkatar da shi. Don haka guguwar da ta cika talabijin takan samu da yawa, ambaliyar wani ƙaramin gari kuma sai ta jira abin da aka tara ranar Ista.