Shin benci da allo suna da hannu a siyasar ilimi?

Wane ra'ayi ne wannan da masu binciken ilimi suke ta magana a kai?

An saba ɗaukar aji a matsayin malami da ɗalibansa, sauran abin da ke ciki kuwa kayan aiki ne kawai. Masu wannan ra'ayi, wanda ake kira Actor-Network Theory da Turanci, sun ce ba haka ba ne: benci, allo, rajista, takardar jarrabawa, har wutar lantarki, duk suna da hannu a abin da za a koya da wanda zai koya. Tushensa daga Faransa yake a shekarun 1980, wurin Bruno Latour da Michel Callon, tare da John Law na Ingila. Daga baya irin su Tara Fenwick da Richard Edwards suka shigo da shi binciken ilimi sosai.

To, abu marar rai ya za a yi ya yi aiki?

Ba cewa suke yi benci yana da niyya ba. Cewa suke yi yana sauya abin da mutane za su iya. Dubi makarantar allo: yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya karatunsa, malam ya gamsu. Faɗin allon da dokar wankewar su ne ke yanka wa karatun tafiyarsa. Ko kuma shekarar 2016, da gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare. Manhaja ba ta canza ba, malamai su ne dai na jiya, amma kwanon abinci ya cika azuzuwa maƙil, darasi kuwa dole ya zama wani abu dabam.

Ina siyasa ta shigo?

A nan maganar take da daɗi. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce, 21,780 suka kasa kai makin da aka yanka, kashi 75 cikin ɗari. Jama'a suka rabu, wasu na cewa gyara ne, wasu na cewa zalunci ne. Mai wannan ra'ayi sai ya koma kan takardar kanta. Wa ya tsara tambayoyin? Me ya sa 75, ba 60 ba? Ta yaya hotunan amsoshin da suka bazu a Facebook suka zama hujjar da ta fi ƙarfin shekarun da mutum ya yi yana koyarwa? Hukuncin siyasa ne aka naɗe cikin takarda, har ya yi kama da lissafi zalla.

Ba a sukarsa?

Ana yi, kuma sukar tana da nauyi. Tun 1993 Langdon Winner na Amurka ya ce irin wannan nazari yakan manta da waɗanda ba a gayyata teburin shawara ba. Ni ma ina ganin haɗarin: idan aka raba alhaki tsakanin mutum da kwano da takarda, mai mulki yana iya sulalewa. Rufin ajin da ke yoyo lallai yana korar yara da damina, amma akwai wanda ya sa hannu a kwangilar.

Ɗalibin da ke bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Jihar Kaduna fa, me zai yi da shi?

Ya zaɓi abu guda, misali rajistar halarta, ya bi sawunta daga teburin malami zuwa ofishin hedimasta, zuwa sakatariyar ilimi ta ƙaramar hukuma, har hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), yana rubuta wanda ya taɓa ta da abin da aka yanke da ita a kowane zango.